Yadda Ciki Zai Dawo Daidai Bayan Gudawa

Kun sha tambayata abin da ake yi idan zawo ya tsaya amma ciki bai koma daidai ba. Ga matakan:

1. Haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Hattara, kada gishiri ya wuce haka.
2. Riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan.
3. Fara da koko, farar shinkafa ko ayaba.
4. Bar yaji, maiƙo da lemon kwalba na 'yan kwanaki.
5. Yaro ya sha maganin zinc kullum, kwana 10 zuwa 14. Jariri kuma, don Allah, kada a yanke masa nono.
6. Kada ka sha maganin wankin ciki saboda bayan gida ya yi jinkiri. Hanji ne ya wofinta, zai dawo.
7. Ka ga jini a bayan gida ko zazzaɓi, sai asibiti.