Yadda Za Ki Faɗi Ra'ayinki Kan Littafin Da Kika Gama Karantawa

Idan kin gama littafi, kada ki yi saurin buɗe wani. Ki bari ki kwana da shi a ranki tukuna. Na san da wuya, musamman yanzu da labarai ke shigowa waya babu ƙaƙƙautawa, wannan na ƙarewa wancan na jira. Yawancinmu da mun kai shafin ƙarshe sai mu tura wa marubuciya "Allah ya ƙara basira", mu faɗa cikin sabo. Bayan sati biyu a tambaye mu me ya faru a ciki, sai mu ɗauki jarumar wannan littafi mu aurar da ita ga mijin wancan. Ina cewa "ki" ne don mata suka fi yawa a harkar nan, amma malam mai karatun littattafan yaƙi, har da kai nake.

Abin da ya fara faɗo miki da safe, kina shara ko kina dama koko, shi ne ainihin abin da littafin ya bar miki. Sau da yawa ba ma shi ne babban jigon ba. Ki tambayi duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, me ya fi tunawa. Da wuya ya fara da ruwan da aka tafi nema. Zai fara ne da ƙetar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ƙulla wa juna, yana ba ki labari yana dariya. To wannan abin da ya maƙale, ko da ƙarami ne, da shi ake fara sharhi.

Amma aikin tun kina cikin karatu yake somawa. Ki riƙa sa alama. Idan littafin takarda ne, ki yagi 'yar takarda ki saƙala a shafin. Kada ki naɗe kusurwa, mu da muka taso a zamanin hayar littafi mun sha faɗa a kan haka wurin masu shago. Idan a WhatsApp kike karantawa, ki sa wa saƙon tauraro, ko ki ɗauki hoton wurin. Ni wurare iri uku nake yi wa alama: inda gabana ya faɗi ko na yi dariya ni kaɗai, inda na fara tsallake layi, da inda na ajiye littafin na tashi yin wani abu ban ji komai ba. Na biyu da na uku su ne mutane ba sa kula da su, alhali su suka fi faɗin gaskiya. Baki yana iya yabon littafi don kunya ko don son marubuciyar, amma yatsan da ke ja da sauri yana wuce shafi bai san kara ba.

Daga nan sai babban aikin, wato ki kai "ya yi daɗi" zuwa ga dalilinsa. "Ya yi daɗi" kamar a ce miya ta yi daɗi ne: mai girki ta ji sanyi a ranta, amma ba ta san ko daddawar ce ta yi ko man shanun ba, kuma maƙwabciyar da ke son ta gwada ba ta ƙaru da komai ba. Ki tsaya a kan wuri guda ki ce ga shi.

Bari in ba da misali da wani littafin soyayya da na gama kwanan nan. Budurwa ce aka aura wa mutumin da matarsa ta rasu ta bar 'ya'ya. Labarin ba sabo ba ne, mun karanta irinsa har mun gaji. Abin da ya riƙe ni wuri ɗaya ne. Amarya ta lura kullum da asuba babbar 'yar mijin tana buɗe kabet ɗin falo tana ƙirga kwanukan mahaifiyarta, ta taɓa murfin kowanne, ta rufe, ta tafi islamiyya. Ba ta taɓa yi wa amarya rashin kunya ba, gaisuwa har ƙasa. Marubuciyar ba ta ce yarinyar na tsoron a shafe uwarta daga gidan ba, ta bar mu da ƙarar murfin kwano. Wata rana yarinyar ta tarar an wanke kwanukan an mayar da kowanne daidai inda yake. Nan na ajiye waya na yi shiru. Idan zan yi wa ƙawata maganar littafin, wannan zan faɗa, ba "akwai darussa a ciki" ba. Kuma zan gaya mata inda ya kuɓuce mini: can wajen ƙarshe sai ga shi ashe mijin, da muka sani malamin makaranta mai babur, yana da gādon kamfani a Dubai. Daga nan na fara tsallake.

Ga littafin soyayya, tambayar da nake yi wa kaina ita ce: na yarda waɗannan mutane biyu suna son juna, ko dai an gaya mini ne kawai? Akwai littafin da za a cika shafi uku ana kwatanta hancin jaruma da gashinta har gadon baya da motar da saurayi ya zo da ita, amma a cire kyau da kuɗi ba ki san me zai sa su yi hira ta minti biyar ba. Sai ki duba abin da ya raba su. Idan matsalar da ta cinye rabin littafi irin wadda kiran waya ɗaya zai kashe ce, to an ja ki ne. Sannan ki kalli sauran mutanen gidan. Kishiya tana da nata dalilin, ko an halicce ta ne don ta je wurin boka kawai? Uwar miji mutum ce, ko masifa ce aka ɗaura wa zani? Marubuciyar da ta iya aikinta takan sa ki ji haushin kishiya, ki kuma tsinci kanki kina tausaya mata a babi na gaba, har ki ji kunyar kanki.

A nan akwai abin da ya kamata a rarrabe, don na ga yana haddasa rigima. Jin haushin wani a cikin labari daban, laifin marubuci daban. Idan mugun miji ya sa kin kasa cin abinci don takaici, marubuciyar ta ci nasara ke nan, ba zagi ya kamace ta ba. Laifinta yana zuwa ne idan mutumin ya shekara goma yana zalunci, sai a shafi biyu na ƙarshe ya yi hatsarin mota ya tuba, kowa ya yafe, aka yi walima.

Littafin yaƙi da aljanu da matsafa kuwa, ma'auninsa dabam ne. Ba a tambayar ko abin zai iya faruwa. Tun tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi mun amince a yi mana ƙarya mai daɗi. Abin tambaya shi ne ko marubucin ya riƙe dokar da shi da kansa ya kafa. Idan ya ce mana a littafi na ɗaya ba a iya kashe sarkin matsafa sai a daren da babu wata, sannan a littafi na uku sadauki ya sare shi da rana tsaka da wata laya da ba a taɓa ambata ba, to ya ci amanar mai karatu, kuma ki faɗa. Ki lura kuma ko an taɓa sa ki jin tsoron jarumin zai mutu. Sadaukin da ke kashe dakaru dubu da sara ɗaya tun babin farko, me ya rage ki ji wa zullumi?

Na bincike da kisan kai da leƙen asiri shi ne mafi sauƙin gwadawa. Da kin san wanda ya aikata, ki koma babukan farko ki sake dubawa. Idan alamun suna nan, a gabanki aka ajiye su kika wuce, sai ki sara wa marubucin. Idan kuwa mai laifin wani ɗan tagwaye ne da ba a taɓa jin labarinsa ba sai a caji ofis ranar ƙarshe, an yi miki wayo ne ba gwaninta ba. Sai kuma ki tuna ƙarfe nawa kika kwanta. Littafin irin wannan da ya bar ki kika yi barci da wuri, ya riga ya ba da amsa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne jan labari. Tun da littattafan da ake kira Adabin Kasuwar Kano suka bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, an saba raba labari ɗaya zuwa littafi na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne da kuɗinsa. Yau ma a intanet haka take, ana sakin labari fitowa-fitowa, a ba ki somin-taɓi kyauta, ragowar sai kin biya. Ba na ganin laifin marubuci ya ci guminsa, ko kaɗan. Sai dai wannan tsari yana sa labarin da ya isa ya ƙare a tsakiya a yi ta ƙara masa biki da kamu da tafiya Umara da sabuwar kishiya. Mai sharhi ta yi wa 'yan'uwanta adalci ta ce: daga wuri kaza labarin ya tsaya cak, sai wuri kaza ya sake motsi. Wadda ta karanta gajerun labaran gasar Hikayata, da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, ta san ana iya girgiza mutum a 'yan shafuka kaɗan.

Ki kuma yi wa kanki tambaya a kan halin da kike ciki lokacin karatun. Labarin zawarci ba zai taɓa wadda aurenta ya mutu bara kamar yadda zai taɓa 'yar aji shida ba. Ba sai kin tona cikinki ba, amma kina iya cewa "wataƙila don na ga irin wannan a kusa da ni ne ya sa ya dake ni haka". Wannan ya fi ki yanke hukunci cewa duk wadda ba ta yi kuka ba ba ta da imani.

To, idan kin zo faɗa ko rubutawa, nawa za ki bayyana? Ki ba da labari har zuwa inda aka ƙulla matsala, ki tsaya. Wane ne, ina yake, me ya same shi. Warwarewar ta marubuci ce. Kada ki ce wa ya mutu, wa aka aura, wa ya yi kisan. Har "ku dai ku lura da direban gidan" fasa ƙwai ne, ko da kin bi shi da dariya. Idan maganarki ba za ta yiwu ba sai kin taɓa ƙarshen, ki yi gargaɗi tun a layin farko, wadda ba ta gama ba ta kauce.

Ba sai ya yi tsawo ba. Ga yadda na tura wa ƙanwata nawa a kan littafin kwanukan nan: "Labarin amarya ce a gidan da ta tarar da marayu. Ba faɗa, ba boka, amma zai riƙe ki. Ki kula da babbar yarinyar, ita ce littafin. Kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarshe ya yi sanyi, an shigo da dukiyar da ba a buƙata. Ba batsa, yara irin su Ummi ma za su iya karantawa." Ta kira ni washegari tana tambayar yadda za ta same shi.

Wannan layin na ƙarshe kada ki raina shi. A gidajenmu waya ɗaya tana iya bi ta hannun mutum huɗu, kuma littattafan da ke yawo yanzu ba duka ne suka bi ta hannun wani mai dubawa ba. Idan akwai abin da bai dace da yara ba, ki faɗa kai tsaye ba tare da wa'azi ba. Haka idan akwai fyaɗe ko dukan mace da aka kwatanta dalla-dalla. Akwai waɗanda ba za su iya ɗauka ba, kuma suna da dalilinsu. Abin da ba na so shi ne a ɗauki littafi ɗaya a yanke wa dukan marubuta hukunci da shi. Masana sun yi wannan muhawara a jaridu tun shekarun 1990, Ibrahim Malumfashi na sukar ingancin littattafan, Abdalla Uba Adamu na kare su, kuma kowannensu ya faɗi abin ji. Ke dai littafi ɗaya kika karanta, a kansa za ki tsaya.

Idan kuma marubuciyar ce da kanta za ta ji, sai a ƙara tauna magana. Ki fara da wurin da ya yi kyau, ki ambace shi da sunansa don ta san kin karanta da gaske. Kurakuran rubutu, irin haɗe "ya ce" ya zama kalma ɗaya, ko rubuta ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa har "ɓata" ta koma "bata", ko cusa Turanci a bakin tsohuwar da aka ce ba ta taɓa barin ƙauye ba, waɗannan a keɓe ake faɗinsu, ba a gaban jama'a ba. Ki ba da misali biyu ko uku ki bari. Wasu za su gode, wasu za su ce hassada ce, wannan kuma ba a hannunki yake ba.

Littafin da kika kasa gamawa ma kina da damar yin magana a kansa, da sharaɗin ki faɗi inda kika tsaya da abin da ya tsayar da ke. "Na kai fitowa ta ashirin, har lokacin ba su daina kallon-kallo a bakin get ba, na haƙura" sharhi ne cikakke. Wata za ta ji ta ce ai irin wanda take nema ke nan, ta ce ki turo mata.