Ku Riƙa Buɗe Jakar Yaro

Duk sabon zuwa Amurka da ya zo wurina, tambayarsa ɗaya ce: me ake koya wa ɗan shekara 5 a ajin share fage, wanda suke kira kindagatin? Ku kwantar da hankalinku. Haruffa ne manya da ƙanana da sautinsu, ƙirga zuwa 100, rubuta lambobi daga 0 zuwa 20, tarawa da ɗebewa da ba su wuce 10 ba. Sauran duk koyon zaman aji ne, bin layi, ɗaga hannu, riƙe almakashi. Yaranmu kuwa, masha Allah, kafin wata uku sun fara gyara mana Turanci. Rajista ma ba wuya, takardar haihuwa ce da katin rigakafi da shaidar inda kake zaune. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1982, makarantar gwamnati ba ta da ikon ƙin karɓar yaro saboda rashin takardun izinin zama a ƙasar, saboda haka a daina ɓoye yara a ɗaki.

Abin da ya ba ni wahala daban ne.

Da muka sauka, ɗaki ɗaya muka raɓa a gidan wani ɗan uwa, mai gidan kuma ya ƙi sa sunana a takardar haya. Ɗan uwan ne ya sa hannu cewa a nan muke zaune, na kuma ba makaranta lambar wayarsa don ban sayi layi ba. Bayan wata biyu muka tashi, ban sanar da ofishin makaranta ba. Duk saƙon da malama ta aiko, a waya ko ta ClassDojo, manhajar da malamai ke aika wa iyaye saƙo da ita, wurinsa yake zuwa, shi kuma aikin dare yake yi, da rana barci. Akwai kuma wani shuɗin fayil da ɗana ke dawowa da shi kullum a jaka. Na ɗauka zane-zanen yara ne. Uwargida ta riƙa tara takardun a saman firji.

Ranar ganawar iyaye da malamai ta zo a Nuwamba ta wuce, ba mu da labari. Da sakamako ya fito na ga 1, 1, 2, 1, har na kira 'yan uwa ina murna yaro ya zo na ɗaya. Ashe a makarantu da yawa 4 ce sama, 1 kuwa yaro bai kai inda ake so ba. Da na je, malamar ba ta yi faɗa ba, gara ma ta yi. Ta ɗauko kwafin wasiƙu uku ta jera a gabana. Ta farko tun Oktoba: an gwada idon yaron, ba ya ganin allo sosai, a kai shi likita. Wata huɗu takardar nan tana saman firjina, ni kuma ina cewa yaro wasa ya yi masa yawa.

To, ku ji. Ranar da kuka canja gida ko waya, ku je ofishin makaranta a ranar. Kowane dare a zazzage jaka. Wanda bai iya karanta takarda ba ya ɗauki hotonta ya tura wa wanda ya iya, a cikinmu ba a rasa mai taimako ko da tsakar dare ne. A fom ɗin da ke tambayar harshen da ake yi a gida, ku rubuta Hausa, ba abin kunya ba ne, da shi ake gwada yaro a ba shi ƙarin darasin Turanci idan yana buƙata. Tafinta ma haƙƙinku ne kyauta, ku nema tun kafin ranar ganawa, kada ku mai da yaro tafinta a maganar da ta shafe shi. Ganawar ba ta cika wuce minti 15 ba, ku je da tambayoyinku a rubuce. Kuma ana ƙirga fashi: a shekarar karatu mai kwana 180, kwana 18 ya isa a sa yaro cikin masu yawan fashi.

Makon jiya na faɗa wa wani sabon zuwa duk wannan, ya ce ai malama ta san aikinta. Na ce ya miƙo min jakar 'yarsa. A ƙasan jakar, ƙarƙashin rigar sanyi, muka samu takardar da ake jira ya sa wa hannu tun Satumba.