Yadda Ake Bin Sawun Maƙeran Tsofaffin Jiragen Fiba a Cikin Jaridu

A bakin Binuwai a Garwa, da gaɓar tafkin Lagdo, da Kusiri inda Lagone ke haɗuwa da Shari, ba a rasa tsohon jirgin fiba, wato jirgin ruwa da aka ƙera da zaren gilashi, da aka jingine, fentinsa ya koɗe, masu shi sun sauya har ba wanda ya san inda aka ƙera shi. Irin wannan jirgi yana da tarihi biyu, wato na kamfanin da ya yi shi da na hanyar da ta kawo shi ruwanmu, kuma tsofaffin jaridu ne suka fi adana duka biyun.

Kafin a buɗe jarida, a fara da jikin jirgin. A wanke bayansa, wurin da ake ɗaura inji, a duba gefen dama daga sama. Tun daga watan Nuwamba na 1972 dokar Amurka ta wajabta a buga lamba mai haruffa da alƙaluma 12 a wannan wuri. Ukun farko alamar kamfani ce, na ƙarshe kuma suna nuna lokacin ƙira, kuma hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta ajiye jerin waɗannan alamomi a intanet. Jirgin da ya girmi wannan doka, ko wanda ya fito daga wata ƙasa, sau da yawa ƙaramin allon ƙarfe yake ɗauke da shi a ciki. Idan fenti ya rufe rubutun, a ɗora takarda a goga fensir a hankali, kada a kankare da wuƙa, domin harafi ɗaya da ya lalace yana iya kai mai bincike ga kamfanin da ba shi ba.

Sanin shekarun da sana'ar ƙera jiragen fiba ta fara yana rage wahala ƙwarai. An kafa Owens-Corning, mai yin zaren gilashi, a 1938, kuma a 1942 Ray Greene ya ƙera jirgin fiba a Toledo ta jihar Ohio. Cikin kamfanonin ƙera jirage, Glastron ta fara a Texas a 1956, Jeanneau a Faransa a 1957, Boston Whaler a 1958, Yamaha kuma ta shiga ƙirar jiragen fiba a Japan a 1960. Saboda haka neman maƙerin jirginmu a jaridun da suka gabaci yaƙin duniya na biyu ɓata lokaci ne.

A wajen neman tsofaffin jaridu a intanet ne ake yawan yin sanyin gwiwa. Taskar Chronicling America ta ɗakin karatun majalisar Amurka kyauta ce, amma ta tsaya a 1963. Gallica da RetroNews na ɗakin karatun ƙasar Faransa suna da yalwa, sai dai mafi yawan jaridunsu ba su wuce farkon shekarun 1950 ba. Abin da ya biyo baya yana hannun taskokin da ake biyan kuɗi kafin a shiga, irin su Newspapers.com, ko kuma yana kan takarda. Wajen nema a rubuta kalmomin zamanin da abin ya faru: jaridun Faransanci sun fi cewa polyester ko plastique a madadin fiba, tare da canot, vedette ko hors-bord, wato sunayen ƙananan jiragen ruwa. Haka sunayen garuruwa, domin Njamena Fort-Lamy ce kafin 1973, Kusiri Fort-Foureau ce a zamanin mulkin mallaka, Limbe kuma Victoria ce har 1982. Injin da ke karanta tsohon bugu yana yawan kuskure, don haka a gwada sunan kamfani da rubutu iri-iri.

Tarihin zuwan jirgin Kamaru ko Chadi kuwa, wanda a ganina ya fi daraja, sai an taka da ƙafa. Jaridar Cameroon Tribune ta fara fitowa a 1974, bayan La Presse du Cameroun ta Duwala, kuma taskokin tarihin ƙasa suna Yawunde da Buea. A Njamena cibiyar nazari da horarwa ta CEFOD tana da ɗakin ajiyar takardu da jaridu, abin da ya zama dole a nufa tun da yaƙin da ya ɓarke a birnin a 1979 ya lalata takardun gwamnati da yawa. Wanda yake zaton jirginsa daga Najeriya ya shigo, ya nemi New Nigerian, wadda ta fara a Kaduna a 1966.

Babban labari na shafin farko ba kasafai yake ambaton maƙeri ba. Amfanin yana cikin ƙananan sanarwa na shafukan baya: neman 'yan kwangila su kawo jirage ga jandarma, kwastan ko ma'aikatar kamun kifi, gwanjon tsofaffin kayan gwamnati, rajistar kamfani ko rushewarsa, da tallan dillalan injin jirgi. A mai da hankali ga shekarun da aka san an sayi jirage, misali bayan kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964, ko bayan kammala madatsar Lagdo a 1982, lokacin da masunta suka kwarara wurin.

Talla maganar mai sayarwa ce, ba shaida ba ce. Kamfani yana iya tsawaita shekarunsa, kuma dillali yana iya manna sunansa a kan jirgin da wani ya ƙera. Kada a karɓi shekara sai an same ta a wuri biyu da ba su kwafi juna ba. Duk abin da aka samu a ɗauki hoton shafin gaba ɗaya, a rubuta sunan jarida, ranar bugu da lambar shafi nan take. Daga nan a kai hoton ga sarkin ruwa da tsofaffin makanikan inji na bakin kogi, a tambaye su cikin ladabi, domin su ne za su faɗi wace ma'aikata ta fara riƙe jirgin da shekarar da aka yi gwanjonsa, sannan a koma jaridun wannan shekarar a nemi sanarwar.