Sabon zuwa Jami'ar Jihar Ohio: abin da za ka tarar a Columbus

Ɗan'uwa, idan Allah ya sa ka samu gurbin karatu a Jami'ar Jihar Ohio da ke Columbus a Amurka, ka shirya wa tafiyar ƙafa. Ɗalibanta sun haura 60,000, kuma tsakanin wannan aji da wancan akwai rata. An kafa ta a 1870 a matsayin kwalejin noma da kanikanci, albarkacin dokar 1862 da ta ba jihohi filaye don su gina irin waɗannan makarantu, sai a 1878 ta samu sunan da take amsawa yanzu. Har gobe noma da injiniya da likitancin dabbobi suna da ƙarfi a nan.

A makon farko kowane malami zai ba ka takardar tsarin darasinsa. Kar ka jefa ta a jaka ka manta. Maki a rarrabe yake tsakanin aikin gida, ƙananan gwaje-gwaje da jarrabawa, don haka mai jiran ƙarshen zango ya yi karatun dare ɗaya ya makara. Malamai suna da sa'o'in da suke zama a ofis don ɗalibai kawai. Ka je, ba rashin kunya ba ne. Kwafar rubutun wani kuwa ba tare da ambatonsa ba, kwamiti guda ake kai mutum gabansa.

Sai maganar Asabar. Daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, duk ranar da ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar ke wasa a gida, garin nata ne. Filin wasan, wanda aka buɗe a 1922, yana cin mutum sama da 100,000. Tun da safe ake rufe tituna, kowa cikin jar riga, ana gashi a wuraren ajiye motoci. Akwai giya da naman alade a wajen, saboda haka ka tambaya kafin ka kai loma. Ba wanda zai ji haushi. Cefanenka ka yi shi tun Juma'a. Naman halal ba ya wuya, domin Somaliyawa suna da yawa a arewacin birnin, da shagunansu da masallatansu.

In wani ya ɗaga murya ya ce maka "O-H", amsar ita ce "I-O", shi ke nan kun gaisa. Ni dai shawarata ka shiga filin ko sau ɗaya ne, ko don ka ga 'yan badujala suna rubuta sunan Ohio da sahunsu a tsakiyar fili. A wannan jami'ar ne kuma ɗan tsere baƙar fata Jesse Owens ya yi karatu, wanda ya ci zinare 4 a gasar Olamfik ta Berlin a 1936, alhali wariyar launin fata ta hana shi kwana a ɗakunan makarantar.

Babbar abokiyar hamayya ita ce Jami'ar Michigan, tun 1897 ake gwabzawa. A makon wasansu, ƙarshen Nuwamba, har harafin M ake liƙe wa jan salatif a allunan makaranta. Ka ajiye shuɗiyar riga mai ruwan ɗorawa a akwati sai an gama, don launin Michigan ke nan.

'Ya'yan itacen buckeye da ake ratayawa a wuya, waɗanda ƙungiyar ta ci sunansu, suna kama da goro, amma guba ne, kar ka tauna. Wanda ake ci shi ne alewar da ake yi da siffarsu, da tunkuzar gyaɗa da cakulan.