Yadda na gyara babur da ya ƙi ɗaga gaba

Ina koyon ɗaga tayar gaba a filin ƙwallo na bayan unguwa, amma duk sanda na saki kuloci na ba da wuta, sai injin ya yi ta kuka, tayar kuwa ko motsi. Abokai suka ce ƙarfin injin ne, cc 125 ba zai iya ba. Ban yarda ba.

Bakanike ya buɗe murfin kuloci, sai ga faifan sun cinye, sun yi sulɓi, ga ƙaurin ƙuna. Ashe mai babur na farko baƙin man mota yake zuba masa. Kulocin babur a cikin mai yake wanka, man mota kuma yana da sinadarin rage gogayya, shi ke sa faifan zamewa. Muka sa sababbin faifai, muka zuba mai mai alamar JASO MA, wato wanda ya dace da kulocin babur, aka sassauta wayar kuloci kaɗan, aka ɗaure sarƙa.

Yanzu a giya ta ɗaya, in matsa baya a kujera, in saki kuloci da sauri, gaba ya tashi. Ƙafar dama ba ta barin birkin baya, shi ke dawo da tayar ƙasa in ta wuce gona da iri. Hular kwano kuwa dole, kuma ban da kan titi.