Darasi na Tara: Shirin Tafiya Hutu Jihar Agadas

Jihar Agadas tana arewacin Nijar. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 600,000, wato ita kaɗai ta fi rabin ƙasar girma. Yawancinta hamada ce, yashi da duwatsu, sai 'yan garuruwa inda aka samu rijiya. Kakanninmu Abzin suke ce wa yankin, daga can ne kuma ayarin raƙuma ke kawo kantun gishiri da dabino kasuwannin Kano da Damagaram.

Kafin ka tambayi kuɗin mota, fara tambayar kanka: su wa za su yi tafiyar? Hanyar da saurayi zai bi yana murna, ita ce za ta kwantar da tsoho. Amsar ita za ta nuna maka wata, da wuri, da guzuri.

Lokaci mafi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Rana ba ta cika zafi ba, amma dare akwai sanyi mai shiga ƙashi, musamman a kan duwatsu, don haka a riƙe bargo. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Ban ba kowa shawarar kai yaro ko tsoho a wannan lokaci ba. Da damina kuma, koramar da ka gani a bushe da safe tana iya cika kafin la'asar, ta tare hanya.

Wanda ya taso daga Kano zai bi Daura zuwa Damagaram, daga nan Tanut, Adarbisinat, sai Agadas. Tsakanin Damagaram da Agadas kimanin kilomita 450 ne. Mutumin Sakkwato kuwa ya bi Illela, Ƙonni, Tawa da Abalak. A riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, a kuma canji kuɗi zuwa sefa tun a kan iyaka. A can jika ɗaya tana nufin sefa 1,000.

Mai iyali ya tsaya cikin garin Agadas, ya ishe shi. Tsohon birnin ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. Babban masallacinsa an gina shi a 1515, aka gyara a 1844, hasumiyarsa ta laka ce zalla, tsawonta mita 27. Matakalar ciki ƙunci gare ta, sai an duƙa, saboda haka babba ya riƙe hannun yaro. Kusa da masallacin fadar Sarkin Abzin take. Akwai kuma gidan da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a 1850. A kai yara wajen maƙeran azurfa su ga yadda ake zuba gicciyen Agadas, a saya musu cuku da tukuɗi. Fita da sassafe, a dawo masauki kafin azahar, a sake fita bayan la'asar.

Dattawa da dama don Tafadak suke zuwa, wani wuri mai ruwan zafi da ke ɓulɓulowa daga ƙasa, kimanin kilomita 80 arewa da birnin. Masu ciwon gaɓoɓi kan yi kwanaki suna wanka a wurin. A nan ina so a saurara da kyau. Wankan yana iya sassauta jiki, amma kada baba ko inna su ajiye maganin asibiti saboda shi. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ga likita kafin tafiya, ya ɗauki maganin da zai wuce kwanakin da ya ƙiyasta, don a can babu kanti a bakin ƙofa. Kada kuma tsoho ya tafi shi kaɗai, a haɗa shi da ɗa ko jika.

Samari su ne masu son nisa. Suna so su ga Timiya da lambunanta na lemo da rumman a tsakiyar duwatsu, ko raƙuman dawa da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutsen Dabus shekaru dubbai da suka wuce, ko su ratsa hamadar Tenere har Bilma, kusan kilomita 600. Wannan ba tafiyar ganin dama ba ce. Ba a shiga sahara da mota ɗaya, ba a shiga babu ɗan jagora wanda ya san rijiyoyi. Akwai 'yan fashi a wasu hanyoyi, waya ma takan ɗauke da an bar gari. A fara zuwa wajen hukuma a Agadas a ji hanyar da aka yarda a bi, da ko sai da rakiyar jami'an tsaro. In an ce a dakata, a dakata.

Mai kiwo ko mai son biki ya nufi Ingal a watan Satumba, lokacin da Abzinawa da Fulani ke kai dabbobi lasar gishiri.

Ruwa ya fi komai cikin guzuri. A ware wa kowane babba aƙalla lita 5 na sha a rana, a ƙara na kwana biyu ko mota za ta lalace. A haɗa da ruwan gishiri da sukari na leda, da rawani ko mayafi saboda ƙura.

Aiki

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku: hamada, hasumiya, ayari, guzuri, jagora.

Wace shekara aka gina babban masallacin Agadas?

Mutum 4 za su yi kwana 3 a hanya, kowa yana shan lita 5 a rana. Lita nawa za su ɗauka? In an ƙara na kwana 2, nawa ke nan? Jarka nawa mai lita 25 za su cika?

A gidanku wa zai yi wannan tafiya, kuma wane wata ya dace da shi? Rubuta layi uku.