Yadda Ake Koya wa Yara Kiyaye Gobara a Gida

Da hunturu ya kama, komai ya bushe, kaskon wuta ya koma ɗaki, gobara takan yawaita. Tsawa ba ta koya wa yaro komai a kan wuta. Idan ya firgita, abin da jikinsa ya saba yi shi zai yi, don haka a riƙa gwaji da yara aƙalla sau biyu a shekara.

Ɗan ƙasa da shekara 5 kawar masa da haɗari ake yi. Ashana ta koma inda hannunsa ba ya kai wa. A shata layi da gawayi taku uku daga murhu ko risho, a ce masa nan ce iyakarsa. In ya ga ashana a ƙasa ya kira babba, a kuma yaba masa, domin yaron da ake duka shi ke laɓewa bayan katifa ya ƙyasta.

Daga shekara 6 a fara gwaji a tabarma. Idan riga ta kama wuta, ya tsaya cak, ya kwanta, ya rufe fuska da tafin hannu, ya yi ta mirginawa. Gudu hura wutar yake yi. Yarinya mai taya girki ta cire dogon hijabi, musamman na roba, wanda ke narkewa ya manne da fata.

Hayaƙi sama yake tashi, saboda haka da rarrafe ake fita. Nan ya kamata a fi nanatawa, domin yaro in ya tsorata ƙarƙashin gado yake shigewa, wani lokacin don tsoron faɗa idan shi ya jawo wutar. A faɗa masa ƙarara: "Ko kai ka kunna, ba mai dukan ka. Fito ka yi ihun gobara." A tsayar da wuri guda a ƙofar gida inda kowa zai taru a ƙirga, kuma ba a komawa ciki ɗaukar komai. Tagoginmu galibi da rodi suke, ƙofa ce kaɗai mafita. Don Allah a daina kulle yara da kwaɗo a tafi unguwa.

Ɗan shekara 10 ya isa ya san dalili. Man suya in ya kama ba a watsa masa ruwa, fantsama zai yi. A kashe risho a kifa murfi. In an ji warin gas, kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe kan tukunyar gas ɗin a buɗe ƙofofi, don gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Janareta sai an kashe ya huce ake zuba masa fetur, kuma da tocila ake haskawa, ba kyandir ba. Da an ɗauke wuta a zare dutsen guga da hita, don takan dawo ba kowa a ɗakin. Maganin sauro na kunnawa a ɗora shi kan farantin ƙarfe, nesa da labule da gidan sauro.

Su haddace lambar kiran agajin gaggawa, 112 a Najeriya, 18 a Nijar, su iya faɗin unguwa, layi da wata alama kusa da gida.

Idan an ƙone, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi na minti 20. Ban da ƙanƙara, man goge baki, ɗanyen ƙwai ko manja. Ƙunar da ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko ta taɓa fuska, hannu ko gaba, a rufe ta da tsaftataccen ƙyalle a nufi asibiti.